An Ci Gari, Ba a Ci Mutane Ba: Zazzagawan Abuja da 'Yan Polan

A shekarar 1795 manyan dauloli uku na Turai, Rasha da Furushiya da Ostiriya, suka ƙarasa raba ƙasar Polan a tsakaninsu. Suka sa sarkinta ya yi murabus, bayan shekara biyu kuma suka ƙulla yarjejeniya cewa kada ɗayansu ya ƙara sa sunan masarautar Polan a cikin laƙabinsa. Shekara 123 aka yi babu wannan ƙasa a taswira. Ba a daɗe da haka ba, a nan ƙasar Hausa, rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Musa ta ci birnin Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa. 'Yan Polan sun karɓo ƙasarsu a 1918. Zuriyar gidan su Makau kuwa ba su koma Zariya ba har yau, amma garin da suka kafa a gudun hijira bai taɓa faɗawa hannun waɗanda suka kore su ba, kuma sunansa ne babban birnin Nijeriya yake amsawa yanzu.

Mene ne ke riƙe al'umma idan an ƙwace mata mulki? Me kuma ya sa wasu ke komawa gida, wasu su tsufa a waje? Waɗannan labarai biyu, idan aka jera su, suna ba da amsar da ba kowa zai so ji ba.

Sai dai a faɗi gaskiya tun farko, lamarin ba ɗaya ba ne. Waɗanda suka cinye Polan baƙi ne, harshensu daban, biyu daga cikinsu ma ɗariƙarsu ta Kiristanci daban. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa daga cikin gida ya taso, Hausawa da yawa sun yi yaƙi a ƙarƙashin tutarsa saboda sun gaji da zaluncin sarakuna, kuma shi kansa mahaifin Makau, Sarki Isiyaku Jatau, an san shi da karkata ga kiran Shehu. Ɗansa ne ya juya baya. Sannan 'yan Polan a ƙasarsu suka zauna, mulki ne ya bar su. Su Makau kuwa mulkin suka ɗauka suka bar ƙasar. Amma idan mutum ya tsaya a inda wanda aka kora yake tsaye, abin da yake gani ɗaya ne: wata daula babba ta haɗiye gidansa, ta naɗa wani a kan gadon ubansa.

Labarin da mutanen Abuja suka riƙe shi ne, Makau yana filin idi a bayan gari aka yi masa ba-zata, bai sami damar komawa cikin birni ba. Littafin tarihinsu ya sa wannan a 1804, masana da dama kuma sun kai shi ƙarshen 1808. Ya bi ta Kajuru, ana biye da shi, har ya sauka a Zuba, cikin Koro. Zubar nan da muke tsayawa mu sayi lemo da kankana a kan hanyar Kaduna, ita ce ta zama sansanin Sarkin Zazzau shekara da shekaru. Daga nan ya riƙa yaƙi, har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, kuma shi ne ya yi abin da ya canza tarihi: ya daina zaman jiran komawa, ya kafa gari a 1828 a gefen kogin Iku, tsakanin duwatsu, ba nisa da Dutsen Zuma, ya kewaye shi da ganuwa.

Duk wanda ya dubi inda garin yake ya san gaba kura ne baya siyaki. A arewa ga Zariya. A gabas ga Keffi da Nasarawa, masu kai gaisuwa Zariya. A yamma da kudu ga Lapai da Agaie da Bida. Daga baya Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora, wata sabuwar fitina ga duk ƙasar Gwari. A cikin wannan zobe Abuja ta yi shekara saba'in da huɗu tana cin gashin kanta, a hannun sarakuna uku kacal: Abu Ja har 1851, Abu Kwaka Dogon Sarki har 1877, sai Ibrahim Iyalai har 1902. Ƙasar ta taimake su, don dawakin arewa ba sa jin daɗin duwatsu da kurmi. A zamanin Ibrahim, Sarkin Zazzau na Zariya Yero ya ɗauko runduna da niyyar gama da su, aka kore shi.

Amma ni a ganina ba ganuwa ce babban abin da Abu Ja ya gina ba. Fada ce. Sun sake dasa tsarin mulkin Zazzau kamar yadda suka baro shi: ga Madawaki, ga Galadima, ga Wambai, ga Dallatu, ga malaman fada irin su Limamin Juma'a da Salanke da Magajin Malam, ga sarautun mata. Sarkin kuma bai yarda a kira shi da wani laƙabi ba sai Sarkin Zazzau, kuma har yau haka ake kiran Sarkin Suleja, wato sunan garin a yanzu. Sun riƙe abin nan da ƙarfi har ta kai lokacin da masanin nan M. G. Smith ya zo nazarin mulkin Zazzau, wanda ya zama littafin da ya fito a 1960, da ya so sanin yadda gwamnatin Zariya take kafin jihadi sai ya juya ga Abuja. A Zariya an yi wa tsarin kwaskwarima, a Abuja yana nan. Abin da ya dogara da shi kuwa aikin 'yan gari ne, Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi, waɗanda suka rubuta tarihin Makau da al'adun Abuja da Hausa, aka fassara shi zuwa Turanci a 1952.

Ba su kaɗai ba ne. Gidan sarautar Katsina ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, suna kiran kansu Sarkin Katsina. Gobirawa suka tare a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daurawa suka watsu Zango da Ɓaure. Kabawa suka tsaya a Argungu, inda Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849. Daular Sakkwato ta yi ƙarni guda da waɗannan ƙayoyi a gefenta, ba ta iya cire ko ɗaya ba, su ma ba wanda ya iya komawa birninsa da ƙarfin takobinsa.

Nan ne labarin Polan yake da amfani, don su sun gwada takobin har sun gaji.

Ƙasa ce da ta taɓa zama ɗaya daga cikin mafi girma a Turai bayan haɗewarta da Lituweniya a 1569. Sarkinta Sobieski ne ya jagoranci rundunar da ta kori sojojin Daular Usmaniyya daga ƙofar Biyana a 1683, kuma a cikin dakarunsa har da Musulmi 'yan Tatar, waɗanda jikokinsu ke da masallatan katako a gabashin ƙasar har yanzu. Abin da ya ci ta daga ciki ya fara. Masu sarauta, waɗanda ba su kai ɗaya cikin goma na jama'a ba, su ke zaɓen sarki, kuma suna da wata doka mai ban mamaki: ɗan majalisa ɗaya tak yana iya miƙewa ya ce bai yarda ba, zaman ya watse, duk abin da aka zartar ya rushe. Maƙwabta ba sa bukatar sayen majalisa, mutum ɗaya ya ishe su. A 1772 aka yanki kashi na farko. Da masu hankali suka farga suka rubuta tsarin mulki na 3 ga Mayu 1791, suka soke waccan doka, sai wasu manyan gida da suka ga za su yi asarar gata suka haɗa kai a Targowica, suka kira sojojin Rasha da bakinsu. Aka sake yanka a 1793. Janar Koshushko ya ta da jama'a a 1794, har da manoma masu lauje, aka murƙushe su, aka share abin da ya rage.

Daga nan sai jini. Dubbai suka bi Napoliyon na Faransa da fatan zai maido musu ƙasa, shi kuwa ya kwashi wajen dubu biyar daga cikinsu ya tura Haiti su murƙushe bayin da suka 'yanta kansu. Yawancinsu zazzaɓi ya kashe, wasu suka koma ɓangaren baƙaƙen fata suka zauna can. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suka yi bore a 1830, Rasha ta karya su a 1831. Suka sake a 1863, aka rataye jagoransu Traugutt a birnin Waso a 1864, aka kwashe dubun dubata zuwa Saiberiya, aka mayar da Rashanci harshen makaranta da kotu. Kowane bore ya bar su a halin da ya fi na baya muni.

Bayan 1864 ne wasu suka ce a ajiye bindiga tukuna, a koma aikin da ba ya ƙara: makarantu, ƙungiyoyin manoma, bankunan taimakon juna, jaridu. A Waso aka kafa wata jami'a ta ɓoye wadda ba ta da mazauni, yau a ɗakin wannan gobe a ɗakin wancan, don kada 'yan sanda su gano. Cikin 'yan matan da suka yi karatu a nan har da wadda duniya ta sani da Marie Curie, wadda da ta gano wani sabon sinadari a 1898 ta sa masa sunan ƙasar da ba ta a taswira.

A ɓangaren Furushiya, wanda ya koma ƙarƙashin Jamus, abin ya fi fitowa fili. A garin Wrzesnia, a 1901, aka ce daga yanzu darasin addini ma da Jamusanci za a yi. Yara suka ƙi amsa tambaya. Malami ya yi magana, aji ya yi tsit. Aka zane su da bulala, iyaye suka taru a ƙofar makaranta, aka kama iyayen aka ɗaure wasu. Bayan 'yan shekaru yajin ya bazu zuwa ɗaruruwan makarantu. Sai kuma wani manomi, Drzymala, da ya sayi fili aka hana shi izinin gina gida saboda shi ɗan Polan ne. Ya sayi tsohon keken doki mai ɗaki irin na masu wasan yawo, ya zuba iyalinsa a ciki, ana cewa kullum sai ya ɗan gusa da shi don kada hukuma ta ce gini ne. Shekaru ana shari'a. A ƙarshe hukuma ta yi nasara, amma jaridun Turai sun riga sun gama yi wa Jamus dariya.

To, wanne ne ya kawo 'yanci, boren ko makarantar? Gaskiyar ita ce ba ko ɗaya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kawo shi. An sa 'yan Polan kakin dauloli uku suna harbin juna, sannan abin da ba wanda ya yi tsammani ya faru: dukan ukun suka faɗi kusan lokaci ɗaya. Juyin juya hali ya ci Sarkin Rasha a 1917, Ostiriya ta wargaje a 1918, Jamus ta miƙa wuya ranar 11 ga Nuwamba. Shugaban Amurka Wilson ya riga ya sa kafa ƙasar Polan a cikin sharuɗɗansa 14 na sulhu. Jagoran 'yan Polan Pilsudski ya fito daga kurkukun Jamus ya iso Waso ranar 10 ga Nuwamba, washegari aka miƙa masa ragamar soja. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Amfanin waccan shekara hamsin ta aikin shiru shi ne, da ƙofa ta buɗe an sami mutanen da za su shiga: hafsoshi, malamai, jam'iyyu, da talakawa masu karatu da harshensu, waɗanda suka san su wane ne. Shi ya sa da Rundunar Sobiyet ta taho a 1920 suka iya tare ta a bakin Waso. Wahalarsu ba ta ƙare nan ba. Jamus da Sobiyet sun sake raba su a 1939, mutum kusan miliyan shida suka hallaka, rabinsu Yahudawa, sannan suka zauna a ƙarƙashin inuwar Mosko har zaɓen 1989. A wannan karon ma sai da daular ta raunana da kanta.

Yanzu a dawo gida a auna. Ita ma Abuja ta ga ranar da daular da ta kore ta ta faɗi. Bida da Kontagora sun faɗa hannun Lugga, jagoran Turawan Ingila, a 1901, Kano a watan Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Bambancin shi ne, a nan ba a bar fili ba kowa. Wanda ya ka da daular shi ya zauna a kanta, kuma kafin ya isa Kano ya riga ya bi ta kan Abuja a 1902, bisa zargin tare hanyar fatake. Sarki Ibrahim ya rasu a shekarar, aka naɗa Muhammadu Gani. Lugga yana da 'yan tsirarun Turawa da ƙasa mai faɗi, ba ya neman wanda ya fi gaskiya, wanda zai tara masa haraji yake nema. A Zariya ya tuɓe Sarki Kwasau, ya naɗa Aliyu ɗan Sidi, jikan Malam Musan da ya kori Makau. Maganar komawa ta mutu a nan.

Cewa sa'a ce ba jarumta ba, Daura ta isa shaida. A 1906 Turawa suka ga ya fi musu sauƙi su maido tsohon gidan sarauta, suka ɗauko shi daga Zango suka mayar birni. Daurawa ba su fi Zazzagawa iya yaƙi ba. Argungu ta yi hannu da Turawa da wuri, ta tsira da sarautarta, sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ya kai ziyarar sulhu, wadda daga ita bikin kamun kifi ya samo asali. Maraɗi da Tsibiri kuwa aka ja layi a tsakaninsu da Katsina da Sabon Birni, suka faɗa rabon Faransa. Idan ana neman abin da ya fi kama da rabon Polan a tarihinmu, wannan layin ne na Ingila da Faransa, kuma 'yancin 1960 bai goge shi ba.

Akwai wani gefen labarin da masu kirari ba sa taɓawa, kuma a nan ma ƙasashen biyu sun yi tarayya. Su Makau ba a daji suka sauka ba. Ƙasar Koro ce da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Gade da Bassa da sauransu. Da yawansu sun ga gara Abuja da mahara bayi na Zariya da Kontagora, suka tsaya mata da baka da kibiya. Amma sun biya gandu, kuma garin da ya ƙi biya ya ga dawaki. Ba banza ake yi wa Sarki Ibrahim laƙabi da Dodon Gwari ba. Wanda ya gudo daga mamaya ya zama mai mamaya a inda ya sauka. Haka masu sarautar Polan da ke kukan 'yanci suna zaune ne a wuyan manoman da ba su da ikon barin gonar ubangidansu. A 1846, da suka shirya bore a yankin Galishiya, manoman nan, 'yan Polan 'yan'uwansu, suka far musu suka kashe kusan dubu, hukumar Ostiriya tana zuga su. Sarkin Rasha ya koyi darasin, ya raba wa manoma gonaki a 1864 don ya raba su da 'yan bore. Da aka sami ƙasa a 1918, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazaunanta ba 'yan Polan ba ne, 'yan Yukiren ne da Yahudawa da 'yan Belarus da Jamusawa, kuma da yawansu sun ɗanɗana irin abin da 'yan Polan suka yi kuka da shi. Wannan ba ya rage darajar tsayuwar Abu Ja ko ta yaran Wrzesnia. Yana dai hana mu mayar da tarihi waƙar fada.

Babi na ƙarshe na Abuja ba da yaƙi aka rubuta shi ba. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya sanar da sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000. Kwana goma bayan haka aka kashe shi. Kaso mai yawa na filin daga ƙasar masarautar Abuja aka yanka, aka ɗauki sunan ma, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, aka bar shi a waje, cikin Jihar Neja. Abin da Yero bai samu da runduna ba, dokar soja ta samu da sa hannu ɗaya, masarautar kuma ta bayar saboda ƙasa. Yau Suleja ta zama makwancin ma'aikatan da hayar birni ta fi ƙarfinsu, kullum da asuba suna cika motoci ta Madalla da Zuba.

Waɗanda suka fi ji a jika su ne 'yan asalin wurin. An fara da alkawarin kwashe kowa a sake masa matsuguni da kuɗin gwamnati, a 1978 aka ga kuɗin ya yi yawa aka ce sai wanda aiki ya taka. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse, na Maitama aka tura Kubwa, wasu suna nan a ƙauyukansu birni ya zagaye su, kullum ana auna gonakinsu ana ba wasu. Gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba 1991. 'Yan asalin ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu, kuma sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin yankin minista. Idan akwai masu yi wa harshensu da sunayen garuruwansu irin riƙon da 'yan Polan suka yi a Abuja ta yau, su ne, ba wasu ba.

'Yan Polan sun koyar da tarihinsu a ɓoye, bulala na kansu. Mu ba wanda ya hana mu, da hannunmu muka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu sama da shekara goma kafin a maido shi. Littafin Malam Hassan da Malam Shu'aibu da Hausa aka fara rubuta shi, ba don Turawa ba. Ya kamata hukumar ilimi ta Birnin Tarayya da masarautar Suleja su sake buga shi, su kuma nemi malaman Gbagyi da Koro da Gade su rubuta nasu ɓangaren, ko da ya saɓa wa na fada, a haɗa su a bango ɗaya a kai makarantun Zuba da Bwari da Kwali da Kuje.